Wace unguwa ce ta dace da iyali a Legas? Amsa ga mai shirin sayen gida

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina sayar da kayan gwari, kuma ina zaune da iyalina a gidan haya a Ketu. Mata ɗaya gare ni da yara huɗu, babbar tana shirin shiga sakandare, ƙaramin kuma yana goye. Allah ya hore mini abin da zan sayi gida, dillalai kuma sun nuna mini wurare huɗu: wani tsohon gida a Agege, wani a Ikorodu, sabon gini a rukunin gidaje bayan Ajah, da babban gida mai arha a Mowe. Kowa da abin da yake faɗa mini. Ta yaya zan gane unguwar da ta dace da tarbiyyar yara da kwanciyar hankalin iyali?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a cikin abin da ya hore maka. Idan na fahimce ka da kyau, ba maganar gini ce ta tsaya maka ba, domin gidajen huɗu ka gan su da idonka kuma kuɗinka zai kai ga kowanne. Abin da kake nema shi ne wurin da za ka ajiye mace da yara huɗu, ka fita kasuwa tun kafin asuba, hankalinka a kwance. Sana'ata ita ce ƙiyasta darajar filaye da gidaje da bincika wa mai saye kafin ya biya kuɗi, kuma yawancin waɗanda nake yi wa aiki 'yan Arewa ne mazauna wannan gari, don haka da abin da aikin ya nuna mini zan amsa maka.

Maigida ne ke zaɓen gida, amma shi ne mafi ƙarancin zama a unguwar. Kai barci ne zai riƙa kawo ka, sai kuma ranar da ba ka fita ba. Uwargida ce za ta san ko ruwan famfo na wanke tufafi, ko akwai kasuwar da za ta aika yaro ba tare da ya tsallake babban titi ba, ko akwai wadda za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa idan jariri ya kamu da zazzaɓi da tsakar dare kana wajen sauke mota. Yara kuwa su ne za su taka hanyar makaranta da ta Islamiyya kullum, su yi abokai a layin, su ɗauki ɗabi'ar da suka tarar. Saboda haka ma'aunin da zan ba ka shi ne ka ɗauki yinin iyalinka daga sallar asuba zuwa bayan isha'i, ka ɗora shi a kan kowace unguwa, ka ga inda yake tafiya ba tare da wahala ba. Fentin gida da tayil da girman falo duk ana iya gyara su daga baya da kuɗi kaɗan, amma mutum ɗaya ba ya iya gyara hanya ko magudanar ruwa ko halin maƙwabta.

Hanya tsakanin gida da kasuwa

A Legas ba a auna nisa da kilomita, da awa ake auna shi, kuma awar ta danganta da lokacin da ka fita da ɓangaren da ka nufa. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da gidan bayan Ajah daga lissafinka. Daga can zuwa Mile 12 sai ka bi titin Lekki zuwa Epe har zuwa farkonsa, ka ratsa Ikoyi, ka hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ka sauka Oworonshoki, sannan ka nufi Ojota da Ketu. Titin na Epe kuma ya ƙara nauyi tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote a 2023, domin manyan motoci sun ƙaru a kansa. Wanda ke aiki a ɓangaren tsibiri, wato Victoria Island da Ikoyi da kewaye, yana da hujjar zama can. Mai kayan gwari da tumatirinsa ba ya jira ba shi da ita, kuma uban da ke fita yara na barci ya dawo suna barci ya bar wa uwa tarbiyya ita kaɗai, ko da gidan ya kai fada kyau.

Ikorodu ce ta fi kusa da sana'arka, kuma tana da abin da sauran ba su da shi. Layin manyan motocin bas na BRT da aka fara daga Mile 12 zuwa CMS a 2008 an miƙa shi har cikin Ikorodu a 2015, yana da hanyarsa ta daban a tsakiyar titi, saboda haka ko ranar da gosulo ya tsaya cak kana iya isa kasuwa. Amma kalmar Ikorodu tana da faɗi ƙwarai a bakin dillali. Gidan da ke Agric ko Ogolonto ko kusa da Sabo daban yake da wanda ke can cikin Ijede ko Imota ko bayan Igbogbo, inda sai ka shiga keke ko acaɓa mai tsawo kafin ka ga tashar mota. Ka tambayi sunan unguwar takamaimai, ka je ka kwana a kusa, ka fita a daidai lokacin da ka saba fita, ka duba agogo.

Agege tana da jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana tsayawa a Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, ga kuma gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 wadda ta rage tsohon cunkoson mararrabar. Sai dai jirgin bai bi ta Mile 12 ba, don haka kai ta mota za ka riƙa zagayowa ta Ikeja ko Ogba ka fito Ojota, tafiyar da ke da sauƙi da asuba, ta yi nauyi da yamma. Mowe kuwa hanya ɗaya ce gare ta, wato babban titin Legas zuwa Ibadan, kuma duk ranar da tanka ta faɗi a doguwar gadar Kara, ko aka yi babban taro a filayen ibada da ke gefen titin, kowa a nan zai yini. Ka kuma tuna cewa tun 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomi goma, har da Kosofe inda kasuwarku take, don haka kada ka gina lissafinka a kan babur.

Ruwan sama da ruwan sha

Idan da zan hana ka abu ɗaya, to sayen gida da rani ne ba tare da ka san yadda unguwar take da damina ba. Legas gari ne da yawancinsa ke kwance kusa da tsayin teku, tsakanin tafki da fadamu, kuma wurare da dama da ake kira sababbin unguwanni fadama ce aka cike da yashi. Ruwa yana tsananta a watannin Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Waɗanda suka ga ruwan ranar 10 ga Yulin 2011, ko wanda ya mamaye Lekki da Victoria Island a Yulin 2017, ba sa bukatar dogon bayani.

Akwai kuma ambaliya ta biyu wadda baƙo ba ya tsammani, domin tana zuwa ko da ba a yi ruwa a Legas ba. Idan madatsar ruwa ta Oyan da ke jihar Ogun ta cika aka saki ruwanta a ƙarshen damina, kogin Ogun yana tumbatsa ya shiga Isheri, Kara, Agiliti, Owode da Ajegunlen da ke kan hanyar Ikorodu, kamar yadda aka gani a 2010 da 2023. Kai da ke Mile 12 ka san wannan fiye da ni. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, gidaje masu arha da ake tallata wa 'yan kasuwarku da sunan "kusa da wurin aiki" sau da yawa a cikin wannan kwari suke. A ɓangaren Agege ma ba ko'ina ne tudu ba, domin Aboru da wasu sassan Oko-Oba da ke bakin manyan magudanu suna shan ruwa.

Idan ba za ka iya jiran damina ba, gida da unguwa suna ba da shaida da kansu. Ka dubi katangar maƙwabta, ba ta gidan da aka yi wa sabon fenti ba, za ka ga layin da ruwa ya tsaya. Ka lura ko an ɗaga dokin ƙofofin shaguna da bulo biyu ko uku, ko mutane sun ɗora janareta a kan dandamali mai tsawo, ko daɓen gidan ya fi titi ƙasa. Ka buɗe murfin shadda ka ga ko ruwa ya cika ta da rani, domin wannan alama ce cewa ruwan ƙasa yana kusa, kuma da damina bayan gida zai riƙa dawowa. Sannan ka tambayi mai shayi da mai wanki da guga da matan da ke sayar da abinci a bakin layi, waɗanda ba su da kaso a cinikin. Na taɓa duba wa wani bawan Allah gida mai kyau a farashin da ya ba ni mamaki, sai na ga duk soket ɗin wutar ɗakunan ƙasa an mayar da su sama da ƙugun mutum, na ce masa mai gidan ya riga ya faɗa mana dalilin arhar. Ga mai yara ƙanana wannan ba maganar kujeru da katifu ba ce kawai, maganar sauro ce da gudawa da kwata a buɗe wadda yaro zai iya faɗawa.

Ruwan sha kuwa, gidaje kaɗan ne ke samun na gwamnati, yawanci rijiyar burtsatse ce ko mai ruwa. A yankin Lekki da Ajah ruwan ƙasa yakan zo da launi da wari ko ɗanɗanon gishiri, sai an saka injin tacewa ko a riƙa sayen tanka, kuɗin da dillali ba ya ambata. A tudun Agege da Ikorodu ruwan ya fi kyau, amma ka ɗebi kwalba ɗaya ka kai ɗakin gwaji, ka kuma auna tazarar da ke tsakanin rijiyar da shaddar gidan da ta maƙwabci.

Zama cikin 'yan'uwa

A nan ne Agege ta fi sauran nesa ba kusa ba. Hausawa sun daɗe a can tun zamanin fataucin goro da zuwan layin dogo, suna da Zango da Sarkin Hausawa, da masallatan da ake tafsiri da Hausa, da makarantun allo da na Islamiyya da yaro zai je da ƙafa, ga Markaz ta Shehu Adam Al-Ilori ga mai son 'ya'yansa su yi nisa a Larabci, ga makabartar Musulmi. Matar da ta bar danginta a Arewa za ta sami wadda za ta zo mata wankan jego, ta sami mai kitso da mai daddawa da wadda za su yi adashi. Maza sukan raina wannan, amma na ga gidaje masu kyau a rukunin gidaje masu ƙofa da maigadi waɗanda aka sake sayarwa saboda uwargida ta kasa jure yini ita kaɗai ba mai ce mata sannu.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Tsakiyar Agege a cushe take, gidajen haya masu ɗakuna da yawa sun yi yawa, filin wasan yara ya yi ƙaranci, kuma matsalar shaye-shaye da zaman banza na samari tana nan a wasu layuka, kamar yadda take a kowace tsohuwar unguwa mai cunkoso. Jin Hausa a bakin titi ba shi ne tarbiyya ba. Abin da na fi ba mutane shawara shi ne su zauna a gefen al'umma, inda za a iya zuwa masallaci da Islamiyya cikin 'yan mintuna amma layin gidan shiru ne, kamar wasu sassan Ogba, Ifako da Iju. A Ikorodu ma akwai jama'armu a Sabo da kewaye, ko da yake ba su kai na Agege yawa da daɗewa ba. Ikorodu ta sha fama da 'yan ƙungiyar asiri, kuma kashe-kashen 'yan Badoo na 2016 da 2017 sun fi taɓa unguwannin bayan gari masu gidaje jefi-jefi, wanda wannan wani dalili ne na guje wa gidan da ke tsaye shi kaɗai cikin filayen da ba a gina ba.

Akwai kuma abin da kowane ɗan Arewa ke tunawa ko bai furta ba, wato rikicin ƙabilanci irin na Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016. Ra'ayina shi ne kariya ba ta cikin yawan 'yan'uwa kaɗai, tana cikin zama inda masu gidaje suka fi 'yan haya yawa, inda akwai ƙungiyar masu gidaje da ke taro, ake biyan kuɗin tsaro, kowa ya san kowa. Idan ka saya, ka shiga ƙungiyar, ka halarci taronta, ka san Baale, wato mai unguwa a wurin Yarabawa, da limamin unguwa. Malamai sun ce a nemi maƙwabci kafin gida, kuma maƙwabcin kirki a Legas sau da yawa Bayarabe ne ko Ibo.

Game da makarantar boko, tun da babbar 'yarka na shirin shiga sakandare, ka fara neman makarantar kafin gidan. Ka je da kanka ranar karatu, ka ga yawan ɗalibai a aji, ka tambayi matsayinsu kan hijabi, ka bi hanyar da yarinyar za ta bi ka ga ko akwai gadar masu tafiya da ƙafa a inda za ta tsallake titi. Ka sani cewa dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, kuma ni ina ganin wannan riba ce ga yaron da zai girma a nan, matuƙar ana yi masa Hausa a gida. Asibiti kuma, Agege tana da babban asibitin Orile Agege da na Ifako-Ijaiye, ga asibitin koyarwa na jiha a Ikeja, Ikorodu ma tana da babban asibitinta. A Mowe yawanci sai ƙananan asibitocin kuɗi, idan abu ya yi tsanani kuma sai a hau wancan titi guda.

Takardu da haɗarin da ba a gani

Unguwa mai kyau ba ta da amfani idan gidan ba zai tabbata a hannunka ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamnan jiha, kuma wanda ke da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, idan ya sayar maka sai an nemi amincewar gwamna kafin cinikin ya cika a idon doka. Ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya yi bincike a ofishin filaye da ke Alausa, a kuma kai takardar safiyo ofishin babban safiyo na jiha a duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta ƙwace ko ta tanada don wani aiki. Gidan Mowe a jihar Ogun yake, don haka bincikensa a Abeokuta za a yi, kuma hukumar da za ka nema kan titi da makaranta ba ta Legas ba ce.

Tsohon gida irin na Agege yakan kasance na gado, kuma a nan ake yawan faɗawa rami. Idan na iyali ne, sai shugaban iyalin da manyan 'ya'yan gidan sun sa hannu tare, idan kuma mai shi ya rasu, ka nemi takardar kotu da ta ba magada ikon sayarwa. Ka tabbatar an sallami 'yan haya kafin ka biya cikon kuɗi, domin fitar da ɗan haya a Legas shari'a ce mai cin lokaci. A sababbin wurare kuwa matsalar omonile ce, wato masu da'awar gadon ƙasar wurin, masu sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko su dawo neman kuɗin harsashi da na rufi, duk da dokar 2016 da ta haramta hakan. Kada kuma kyawun rukunin gidaje ya ruɗe ka, domin ko Magodo, da tsadarta da manyan mutanenta, ta wayi gari a ƙarshen 2021 da 'yan sanda a ƙofa saboda tsohuwar shari'ar fili, kuma a 2023 gwamnati ta rushe gidaje masu tsada a Ikota saboda an gina su a kan hanyar ruwa. Ka nemi takardar izinin gini, ka kuma sa injiniya ya duba ginin kansa.

Ka zagaya bayan layin ka duba abubuwa uku: bututun mai, babbar wayar wuta, da wurin sayar da gas. Bututun da ya taso daga ma'ajiyar mai ta Atlas Cove ya ratsa unguwanni da dama a Alimosho da kewaye, kuma gobarar Abule Egba ta 2006, da ta Ijegun ta 2008, da fashewar Abule-Ado ta 2020, duk a cikin gidajen mutane suka faru. Haka nan ka nisanci inda iskar bolar Olusosun ta Ojota ko ta Igando ke kaiwa, musamman idan akwai mai asma a gidanka. Wutar lantarki kuwa, ka tambayi rukunin da layin yake, domin tun Afrilun 2024 'yan rukunin A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, suna biyan kuɗi mai yawa fiye da sauran, sannan ka tabbatar babu tsohon bashi a kan mitar.

Abin da zan zaɓa a matsayinka

Ajah ta fita saboda hanya da ruwa. Mowe zan ɗauke ta a matsayin wurin ajiye kuɗi ga wanda ke da rara, ba wurin da zan kai mai goyo da yara 'yan makaranta yanzu ba. Saura Agege da Ikorodu, kuma a tsakaninsu iyalinka ne za su raba gardama. Idan uwargida ba ta jin Yarabanci ko Turanci sosai, kuma karatun addinin yara ne kan gaba a zuciyarka, gefen Agege ya fi, ko da gidan ya fi ƙanƙanta kuma sai ka kashe kuɗin gyara. Idan kuwa ta saba da zaman Ketu tana harkokinta, kuma gidan Ikorodu yana kan tudu kusa da tashar BRT, to Ikorodu za ta ba ka fili mafi girma, ta kuma dawo da kai gida da wuri ka ci abincin dare da 'ya'yanka. Idan ana maganar girma, ka tambayi ƙafa nawa ne, domin cikakken fuloti a Legas ƙafa 60 ne da 120, ba 50 da 100 da muka saba a Arewa ba, kuma da yawa abin da ake nunawa rabin fuloti ne.

Wannan hukunci na gina shi ne a kan abin da ka rubuto, ban taka gidajen ba, kuma a Legas layi biyu da ke maƙwabtaka suna iya bambanta ƙwarai, ɗaya a bushe ɗaya cikin ruwa. Ni kuma ba lauya ba ne, don haka maganar takardu bakin lauyanka ne na ƙarshe. Kafin ka yanke shawara ka ɗauki uwargida da babbar 'yarka ku je unguwannin biyu, sau ɗaya da rana a ranar aiki, sau ɗaya bayan magariba, sau ɗaya kuma ranar Lahadi da safe don ku ji irin ƙarar da ke tashi a layin, ka bar su su yi magana da matan maƙwabta ba tare da kai ko dillali a wurin ba. Ka kuma ware wani kaso na kuɗinka, kada ka zuba shi duka a farashin gida, domin ladan dillali da na lauya, da kuɗin neman amincewar gwamna, da gyaran rufi da rijiya da shadda, duk suna jiranka a cikin watannin farko, kuma jarin kasuwarka bai kamata ya biya su ba. Kuɗin cinikin kuma ta banki za ka tura shi, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar gidan, bayan lauya ya kammala bincikensa.